Baƙo Shi Ne da Babbar Talabijin

Mutum huɗu ne ke shiga motar Malam Khamis kowace safiya daga Suleja zuwa wurin aiki a Abuja, kujerar gaba kuwa ɗaya ce tal. Malam Khamis shi ke tuƙi, motar tasa ce. Fidelis tun ranar farko ya zaɓi bayan direba, ya ce shi dai a bar shi da barcinsa. Rigima ta rage tsakanin Nehemiya da Bamalli, sa'annin juna, matakin aikinsu ɗaya, shekara goma sha biyar suna abota, babu mai ce wa wani yaro. Da Malam Khamis ya gaji da cacar bakinsu, sai ya yanke hukunci. Tun da dukansu mayun ƙwallon gem ne, su riƙa karawa duk Asabar ɗin ƙarshen wata. Wanda ya ci, gaba tasa ce wata guda. Wanda aka ci ya zauna a bayansa, ya kuma riƙe masa kular abincinsa a cinya.

Wanda bai taɓa shan cunkoson Madalla da Zuba a bayan ƙaramar mota ba zai ce wannan shirmen magidanta ne. To, ya tambayi Nehemiya. Mutum ne dogo kamar falwaya, in ya zauna a baya gwiwoyinsa har kusa da haɓarsa suke zuwa. Bamalli kuwa gajere ne, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa, amma duk ranar da gaba ta zama tasa sai ya ja kujerar nan baya har ƙarshe, ya kwantar da ita, ya ce, “Ka yi haƙuri mutumina, ƙa'ida ce.”

Da can Nehemiya bai damu ba, domin ba kasafai abin ke faɗa masa ba. A wani shagon gem suke bugawa, su biyu a gaban allo ɗaya, kuma a wata goma shi ke cin bakwai ko takwas. Shi ma ya koya wa Bamalli yadda ake riƙe hannun gem, wato abin dannawa. Sai Bamalli ya tare a sabon gidansa na Maje, ya sa sola, ya sayi na'urar gem tasa ta kansa, ya ce ai girma ya kama su, bai kamata a riƙa ganinsu a shago ana gogayya da samari ba. Ranar farko da suka je, suka tarar da wata ƙatuwar talabijin ta cinye rabin bangon falo, inci sittin da biyar, da kujerar alfarma a gabanta. Can gefe kuma wata 'yar monita ce a kan tebur, tana nuna abin da babbar ke nunawa.

“Bismillah, Nehe,” in ji Bamalli, yana kakkaɓe kujerar da hularsa. “Baƙonka annabinka. Kai ne da babbar, ka sake ka wala. Ni zan maleji da 'yar wannan, kar in tare maka.”

Malam Khamis har da sa masa albarka, ya ce yanzu ba a samun irin wannan karamci. Aka buga, aka ci Nehemiya uku da nema. Wata na biyu aka ci shi huɗu da ɗaya. Haka aka yi ta yi har wata takwas cur, yana baya a naɗe, kular Bamalli na ƙona masa cinya.

Da cin ne kawai, da ya haɗiye. Abin da ya hana shi sukuni shi ne yadda ake cin nasa. Sai ya ga ƙwallo ta iso ƙafar ɗan wasansa, ya danna, amma kafin ɗan wasan ya motsa an riga an ɗauke ta. Idonsa ya gani, zuciyarsa ta ba da umarni, hannu ya makara. Kuma Nehemiya ya san wannan makarar, ya gan ta a gidansu. Haka ta fara wa mahaifinsa a Zonkwa, tsohon malamin makaranta mai kyakkyawan rubutu. Da farko maɓallin riga ne ya riƙa gagararsa, daga baya cokali, daga baya hannun ya kama rawa bai sake tsayawa ba har ya rasu. Nehemiya ya fara ɓoye hannunsa a ƙarƙashin tebur a ofis yana kallonsa. Ya yanki tabarau. Ya daina ɗaukar 'yarsa Godiya ya cilla sama yadda ya saba, don tsoron kada wata rana ya makara wajen cafewa.

Mutum ɗaya ya gaya wa, kafin ma matarsa Rahila. Bamalli ya gaya wa. Bamalli ya girgiza kai, ya ce, “Subhanallahi. Ni ma fa na lura hannunka ya yi sanyi. Gara a duba da wuri.” Shi ya raka shi asibiti a Abuja, suka zauna a benci awa uku suna jiran layi, har ya sayo masa ruwa da gyaɗa. Likita ya ce bai ga komai ba, amma ya dawo bayan wata shida a sake gani. Wannan “amma” ɗin ta zauna wa Nehemiya a ƙirji kamar dutse.

Rahila ce ta ba shi shawara. Ta ce, “Baban Godiya, wanda yake da gem a gida kullum yana motsa hannu, kai sai wata wata. Ka sayi naka mana, ko hannun zai saki.” Ya sayi na'ura ta hannu wajen wani abokin aiki. Saura allo. Ya ce irin na Bamalli zai nema, don idonsa ya saba da girman. Ya tuna ya ga sitikar shagon da aka sayo ta a jikin talabijin ɗin, wani shago a layin 'yan kayan wuta na babbar kasuwa. Ran Asabar da hantsi ya hau keke napep ya tafi.

Mai shagon mace ce, Bukola, haihuwar Suleja, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Ya same ta da hannun gem tana gwada wata monita da aka kawo gyara.

“Madam, irin wadda kika sayar wa abokina nake so. Bamalli, na Maje. Gajere, mai wushirya.”

“Ah, Oga Bamalli! Mai dariya yana dukan cinya. Wacce ciki? Babbar ko ƙaramar?”

“Babbar mana. Ta buga ƙwallo nake so, ba ta ofis ba.”

Bukola ta ajiye hannun gem ɗin ta dube shi sama da ƙasa. “Oga, in kallon fim za ka yi da Madam, ga babba nan, in sa a ɗora maka a napep yanzu. In gem za ka buga don ka ci, abeg kar ka ɓata kuɗinka. Zo ka gani.”

A shagon akwai wata 'yar na'ura mai raba hoto gida biyu, irin wadda ya sha gani a bayan teburin Bamalli bai taɓa tambaya ba. Ta jona gem ɗin da ita, hoto ɗaya ya fito a wata babbar talabijin da kuma wata monita a gefenta. A ido babu bambanci, sai ma dai babbar ta fi sheƙi. Ta ba shi hannun gem ta ce ya buga fanareti, ita kuma ta ɗaga wayarta ta ɗauki allunan biyu tare, da irin bidiyon nan mai tafiyar hawainiya. Sannan ta juyo masa da wayar.

A monitar, ƙwallo ta riga ta bar ƙafa tana iska. A babbar talabijin, ɗan wasan ko ƙafar bai gama ɗagawa ba.

“Ka gani? Ita babbar, kafin ta nuna maka hoto sai ta tsaya ta yi masa kwalliya. Ta goge, ta ƙara launi, ta gyara motsi ya yi santsi. Mai kallon fim ba ruwansa. Amma mai gem, abin da ya wuce yake kallo. Lokacin da ka ga ƙwallo a ƙafarka, ta daɗe da barin wurin. Akwai saitin gem a ciki, in ka kunna shi tana rage kwalliyar, ta ɗan yi sauri. Ko da shi ɗin ma ba ta kamo wannan.”

Nehemiya ya ce, “Shi abokin nawa ya san da haka?”

“Ya sani mana, ni na nuna masa, a nan inda kake tsaye. Shi ya sa ya haɗa da ƙaramar. Har cewa ya yi in kashe masa saitin gem a babbar, in kunna duk kwalliyar da ke ciki. Na ce Oga, za ta yi nauyi fa. Ya yi dariya ya ce haka baƙinsa suke so.”

Ta ga fuskarsa ta canza. Nehemiya ya nemi kujera ya zauna. Ya miƙa hannun damansa a gabansa, ya buɗe yatsu, ya ƙura musu ido. Tsaye suke ƙyam. Abu na farko da ya zo masa daɗi ne, irin na wanda aka sauke wa kaya, har sai da idonsa ya kawo ruwa. Bai gama jin daɗin ba bencin asibitin nan ya faɗo masa a rai. Awa uku. Ruwa da gyaɗa. “Ni ma na lura hannunka ya yi sanyi.” Wani irin baƙin ciki ya turniƙe shi, ya ji da Bamalli na kusa da sai ya shaƙe shi da wayar gem ɗin. Kujera dai kujera ce, da ya roƙa ma da ya bar masa. Amma mutum ya ga abokinsa yana tsoron ciwon da ya kashe ubansa, maganin yana bakinsa, kalma ɗaya, ya gwammace ya sayo gyaɗa.

Ya cire tabaransa ya sa a aljihu. Ya ce, “Madam, nuna min monitocinki. Wadda ta fi kowace sauri.”

Nan Bukola ta sake, don an zo fagenta. Ta fito da guda uku. Ta farko faffaɗa ce mai lanƙwasa, ta ce kyau gare ta amma ta masu kwamfuta ce, na'urarsa ba za ta cika ta ba, baƙi zai rage a gefe da gefe. Ta biyu hotonta tar, har gumin 'yan wasa ana gani, sai dai hoto sittin take canzawa a daƙiƙa, kuma in ƙwallo na gudu tana barin 'yar inuwa a baya. Ta uku ba ta da wani kwarjini, inci ashirin da bakwai, baƙa, siririya. Ita ce mai canza hoto ɗari da ashirin, kuma ba ta tsayawa kwalliya, abin da aka ba ta shi take nunawa nan take.

“Kar ka bi girma,” in ji ta. “A inci ashirin da bakwai idonka na ganin fili duka, ba sai ka juya wuya ba. Ka duba bayanta ka tabbatar ramin wayar irin na na'urarka ne. Kuma ba ta da sifika ta kirki, ka sani tun yanzu, kar ka dawo min da ita.”

Ya karɓi hannun gem ya gwada. Ya danna, ɗan wasa ya juya a take. Ya yanke mutum ɗaya, ya yanke na biyu, ya narka ƙwallo a raga. Rabonsa da ya ji hannunsa nasa ne tun kafin Bamalli ya tare a Maje.

“Ita nake so. Ki haɗa min da mai raba hoton nan. Sannan talabijin ɗin falona inci hamsin ce. Ki rubuta min a takarda yadda ake kunna kwalliyar, duka, kar ki bar ko ɗaya.”

Bukola ta daɗe tana kallonsa, sannan ta jawo biro. “Ni dai kaya nake sayarwa,” in ji ta.

Sati uku ya yi bai ce uffan ba. Kullum da asuba ya shiga baya ya naɗe ƙafa, ya karɓi kula da hannu biyu. In Bamalli ya juyo ya ce, “Ya hannun, Nehe?” sai ya ce, “Da sauƙi, mun gode Allah.” Zuciyarsa kuwa tafasa take. Ya yi tunanin ya tona shi a gaban kowa a cikin motar, sai ya ga ai Bamalli dariya zai yi, ya daki cinya, ya ce wasa ne, shi ke nan a wuce wurin. Ba dariya Nehemiya yake so ba. So yake mutumin nan ya zauna a kujerar da ya zaunar da shi, yana sane da komai, kuma bakinsa ya kasa buɗuwa.

Ana saura kwana uku ya sanar da su cewa wasan wannan watan a gidansa za a yi. Ya yi sabon gem, Rahila kuma ta ce sai ta yi musu gwate da masa. Malam Khamis da jin masa ya ce magana ta ƙare.

Bayan la'asar suka iso. Bamalli ne a gaba, yana ta barkwanci, yana cewa yau har gida zai bi mutum ya yanka. Yana sa ƙafa a falon dariyar ta tsaya masa a wuya. Ga talabijin a bango tana ta sheƙi, launinta kamar an shafa mata mai. Ga kujera mafi kyau a gidan an ajiye a gabanta, har da matashi. Can gefe ga 'yar baƙar monita a kan tebur, da kujerar roba.

Nehemiya ya ɗauki tsumma ya kakkaɓe kujerar a hankali. “Bismillah, mutumina. Baƙonka annabinka. Ni zan maleji da 'yar wannan.”

“Haba Nehe, ai ni ba baƙo ba ne a gidan nan. Mu zauna tare mana a gaban babbar, kamar da.”

“Kar in tare maka.”

“To ni ba ni ƙaramar, na riga na saba da...”

“Kai Bamalli, zauna mana!” in ji Malam Khamis, bakinsa cike da masa. “Wata takwas kana karrama mutum, yau ɗaya zai rama ka hana shi lada? Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.”

Fidelis ya ce, “Ko akwai wani abu ne a babbar da ba ka so?”

Tambaya ce ta banza, Fidelis bai san komai ba. Bamalli ya dubi Nehemiya. Nehemiya ya dube shi, bai ƙifta ba. Ƙofa biyu ce ta rage wa Bamalli, kuma dukansu sun san haka. Ko ya faɗi abin da ke cikin babbar talabijin, a gaban Malam Khamis da ya sa masa albarka, da Rahila da ke tsaye da tire wadda ta yi wata da watanni tana azumi da addu'a a kan hannun mijinta, ko kuwa ya zauna. Ya gyara hularsa ya zauna.

Abin da ya biyo baya ba wasa ba ne, yanka ne. Bamalli ya danna, 'yan wasansa su motsa bayan an wuce su. Ya kai sura, ya sami iska. Kafin hutun rabin lokaci an zura masa uku, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Nehemiya bai yi ihu ko sau ɗaya ba. A ƙwallo ta biyar ya yanke mai tsaron gida, ya tsaya da ita a kan layi, ya jira har ɗan bayan Bamalli ya taho da gudu, sannan ya tura ta ciki. Fidelis ya faɗo daga kujera don dariya. Aka tashi shida da nema.

Nehemiya ya ajiye hannun gem, ya juyo da fuskar tausayi. “Bamalli, lafiya kuwa? Na lura hannunka ya yi sanyi. Gara a duba da wuri.”

A bakin ƙofa, sauran sun yi gaba wajen mota, Bamalli ya tsaya yana neman takalminsa da ƙafa, kansa a ƙasa. Ya ce a hankali, “Nehe, wallahi da wasa na fara. Ranar asibitin nan na so in gaya maka.”

“Awa uku muka yi a bencin.”

“Na sani.”

“Na daina ɗaukar Godiya saboda kai.”

Nehemiya ya ciro tabaran nan daga aljihu ya sa wa Bamalli a tafin hannu, ya ce ya riƙe, shi ba ya bukata. Ya koma ciki, ya tarar da Godiya tana lasar kwanon miyar masa. Ya ɗauke ta ya cilla sama har ta kusa taɓa silin, ya cafe, ya sake cillawa, tana ta ƙyalƙyala dariya.

Ran Litinin da asuba ya buɗe ƙofar gaba ya zauna. Ya miƙa kularsa baya ba tare da ya juya ba, aka karɓa. Ya laluba ƙarfen da ke ƙarƙashin kujera ya ja, ta tafi baya har ƙarshe, sannan ya kwantar da ita sai da ya ji ta tokare da mutum. Ya ji daɗi, ba zai yi ƙarya ba, daɗi har cikin ƙashinsa. Ya kuma san cewa abin da ke tsakaninsa da mutumin da ke bayan nan shekara goma sha biyar ba zai koma yadda yake ba, kuma ba shi ya fasa shi ba.

Sun wuce Madalla, Dutsen Zuma ya fara fitowa a hasken safiya, Malam Khamis ya ce, “To, wata mai zuwa sai Maje ke nan ko?”

“A'a, Malam,” in ji Nehemiya, yana miƙe ƙafafunsa. “Sau takwas ya karrama ni a gidansa, sau ɗaya kawai na rama. Saura bakwai.”

Malam Khamis ya ce wannan gaskiya ne, haka zumunci yake. Ya leƙa madubi ya ce, “Ko kana da magana, Bamalli?”

Suka jira. Daga kujerar baya babu abin da aka ji sai ƙarar murfin kula da mota ta faɗa rami.